Walimar Coralie da Maxine a Rumfar Askin Tumaki

Coralie Tregear ta gaji shagon kayan noma na garin Tarrabil daga mahaifinta, ta kuma gaji halinsa na rashin son magana. Tun safe har la'asar tana tsaye a shagon tana sayar da abincin dabbobi da maganin tsutsa da wayar shinge, kuma duk manomin da ya shigo ya san hirarsu ba za ta wuce farashin ulu da tsadar man dizal ba. Ta doshi shekara sittin, kanta ya yi furfura, kullum a yanke yake gajere saboda zafi. Gidanta yana bakin gari, mai faffaɗar baranda da lambu a baya, kuma a nan take zaune tare da Maxine Vella, ma'aikaciyar jinya da ke bin gonaki gida-gida tana duba tsofaffi. Sun fi shekara ashirin tare.

Babu wanda bai san yadda suke ba, babu kuma wanda ya taɓa furtawa. Ƙawayen nan biyu, haka ake kiransu. In biki ya tashi gayyata ɗaya ake yi musu, in rasuwa aka yi a matsa musu wuri kusa da juna a coci. Coralie ta daɗe da ɗaukar wannan shiru a matsayin sharaɗin zamanta lafiya a garin da aka haife ta. Ita ba ta faɗa ba, su ba su tambaya ba, kowa ya riƙe mutuncinsa. Maxine kuwa 'yar birni ce tun asali, mai dariya da ƙarfi da faɗin abin da ke ranta, kuma shirun nan ya daɗe yana cin ta, sai dai tana haƙuri saboda Coralie.

A ƙarshen shekarar dubu biyu da sha uku majalisar yankin Canberra, babban birnin ƙasar, ta yi dokar da ta yarda mace ta auri mace, namiji ya auri namiji. Gwamnatin tarayya ta ce ba ta yarda ba, ta kai ƙara babbar kotu. Kotu ta saurari kowa, ta ce za ta yanke hukunci ranar wata Alhamis, dokar kuwa ta bar ƙofar ɗaurin aure a buɗe tun daga Asabar ɗin da ke gaban wannan Alhamis. Kowa ya san 'yan kwanakin da ke tsakani ne kawai ake da tabbacinsu.

Maxine tana ba tumatir ruwa a lambu ta tayar da maganar. Ta ce ta riga ta nemi mai ɗaura auren, ta ce akwai wuri ranar Asabar da safe, abin da ya rage amsar Coralie ce. Coralie ta kawo dalilai iri-iri: shago, zafi, nisan hanya, da cewa ko an ɗaura wataƙila kotu ta warware. Maxine ta saurare ta har ta gama, sannan ta rufe famfo.

"Na sani za su iya warwarewa," in ji ta. "Ni dai so nake ko sau ɗaya in ji kin faɗa a gaban mutane. In sun soke daga baya, ai na riga na ji."

Coralie ta tsaya tana kallon ƙafafun Maxine cikin tsohon takalmin roba, duk laka. Ta tuna shekarun da matar nan ta yi tana amsa sunan ƙawa ba tare da ta taɓa yin ƙorafi a gaban kowa ba. Sai ta ce to.

Mutum ɗaya ne ya dame ta, yayanta Merv. Shi ya riƙe gonar gidansu da tumakinta, matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna birni, kuma in Coralie ba ta son magana, to shi ya ninka ta. Yana cin abinci a gidansu duk Lahadi, yana gyara wa Maxine mota, amma bai taɓa cewa uffan a kan zamansu ba. Ta same shi a gona kwance ƙarƙashin injin ɗaure ciyawa, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Ta gaishe shi, ta tambayi tumaki, ta tambayi kare, sai da ta ga babu sauran abin tambaya sannan ta ce ranar Asabar za su je Canberra ita da Maxine, za su yi abin nan da ake ta magana a rediyo.

Ƙarar sifana ta tsaya. Can sai ya ce, "To." Sannan ya ƙara da cewa shi akwai ciyawar da zai ɗaure kafin hadari ya taso. Ta ce Allah ya taimaka, ta shiga mota. A hanya ta gaya wa kanta daman ta san haka za a yi, amma sai da ta tsaya a gefen titi ta goge tabarau.

An ɗaura auren a wani lambu kusa da tafki, rana ba ta yi zafi ba tukuna. Shaidunsu biyu, wata abokiyar aikin Maxine da mijinta. Sai dai wurin cike yake da mutanen da ba su sani ba, waɗanda suka fito don kawai su taya masu aure murna, wasu da furanni, wasu da tutoci masu launin bakan gizo, har da wata tsohuwa a keken guragu tana raba wa amare alewa. Coralie ta zo da niyyar ta faɗi abin da aka ce ta faɗa da sauri a gama. Da aka zo wurin da za ta kira Maxine matarta, muryarta ta ƙi fita, ta sake gwadawa, sai kuka ya zo mata irin wanda rabonta da shi tun tana yarinya. Baƙin nan suka yi ta tafi. Wani mai ɗaukar hoto ya nemi izini, Maxine ta ce ya ɗauka, ita kuwa Coralie ba ta ma ji tambayar ba.

Ranar Litinin hoton ya fito a shafin farko na jaridar yankinsu, ita da jajayen idanu, Maxine tana dariya baki buɗe. Jaridar kuwa a kantin da ke kallon shagonta ake sayar da ita.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi mata tsawo. Mutane suna shigowa kamar kullum, su sayi abin da za su saya, amma tana ganin idonsu yana sauka a kan zoben da ke yatsanta ya tashi da sauri. Matar wani manomi ta matse mata hannu wajen karɓar kaya ba ta ce komai ba. Beryl Hartigan, wadda ke shirya furannin coci, ta hango ta a bakin shago ta tsallaka titi. Merv bai zo cin abincin Lahadi ba, bai kuma buga waya ba.

Ranar Alhamis da hantsi rediyo yana kunne a shago, kuma Clarrie Hartigan, mijin Beryl, yana tsaye yana jiran a ɗora masa buhunan gishirin dabbobi. Mai karanta labarai ya ce babbar kotu ta yanke hukunci, alƙalai duka bakinsu ɗaya: majalisar tarayya ce kaɗai ke da ikon yin doka a kan aure, don haka dokar Canberra ta faɗi, kuma duk auren da aka ɗaura a ƙarƙashinta ya zama kamar ba a yi ba.

Clarrie dattijo ne da ya san ta tun tana rarrafe. Ya gyara hularsa, ya ce ba don ya ɓata mata rai ba, amma shi a ganinsa gara da aka yi haka, an bar abu yadda aka same shi. Bai faɗa da mugunta ba, kuma wannan ya fi yi mata ciwo. Ta ɗora masa buhunansa, ta yi masa sai an jima. Da ya tafi ta shiga sito ta zauna a kan buhun hatsi, ta zare zoben ta sa a aljihun riga. Ba fushi take ji ba, kunya ce. Ta tona kanta a gaban gari duka, hotonta yana kan teburin kowa, kuma ga shi auren ma bai kai mako ba. Ta kira Maxine, wayar ba ta shiga, tana can wata gona bayan duwatsu inda babu sabis.

Tana nan zaune ta ji tsayuwar a-kori-kura a ƙofa da haushin kare. Merv ne ya shigo, hula a hannu, wuyansa ja saboda rana. Bai gaishe ta ba, ya wuce ya kashe rediyon da kansa.

"Gaskiya ne abin da na ji a mota?"

Ta ce gaskiya ne.

"Haka kawai? Mutum ya yi aure ranar Asabar, Alhamis wasu su zauna a ɗaki mai sanyi su ce bai yi ba?"

Ta yi ƙoƙarin yi masa bayanin cewa alƙalan ba a kan auren suka yi hukunci ba, a kan wanda ke da ikon yin dokar ne. Ya ce shi bai damu da wanda ke da iko ba. Ya yi ta zagaye tsakanin buhuna yana faɗa da gwamnati da 'yan majalisa, maganar da ya yi a wannan tsayuwar ta fi wadda ta ji daga bakinsa a shekara guda. Coralie ta bi shi da kallo, abin ya ɗaure mata kai, har ta kasa haƙuri.

"Yaya, kai da ko zuwa ba ka yi ba, mene ne naka na fushi?"

Ya tsaya cak. Ya juya hular a hannunsa, ya dubi ƙasa.

"Ba ki gayyace ni ba," in ji shi. "Sanar da ni kika yi, ina ƙarƙashin inji. Na ɗauka ba kya son in zo ne, sai na kawo maganar ciyawa don kada in takura ki."

A hankali sauran maganar ta fito. Ciyawar tun kafin Juma'a ya gama ɗaure ta. Ya ciro kwat ɗin da ya sa ranar jana'izar mahaifinsu, ya goge da kansa har ya ƙona bakin hannun, ya rataye a bayan ƙofa. Ranar Asabar da asuba ya yi aski, ya zauna kusa da waya ko za ta kira ta ce ya zo ya tsaya mata a madadin uba. Da rana ta ɗaga ya cire takalmi ya koma gona. A jarida ya ga auren ƙanwarsa, kamar kowa.

Shekara da shekaru Coralie tana karanta shirunsa a matsayin ƙi, ashe shi ma jira yake a buɗe masa ƙofa. Ta ce ya yafe mata. Ya ce ta bar wannan, sannan idonsa ya kai kan hannunta, ya tambayi ina zoben. Ta ciro shi daga aljihu. Ya ce kotu ba ta ce a cire zobe ba, shi dai bai ji wannan a rediyo ba. Ta mayar.

Kafin ya fita ya ce ranar Asabar da la'asar za a yi walima a rumfar askin tumaki, tunda an yi aure ba a ci komai ba. Ta roƙe shi ya bari. Ta ce babu wanda zai zo walimar auren da aka soke, za su zauna su uku da kare suna kallon rago. Ya ce in haka ne karen zai ƙoshi, ya shiga mota.

Da Maxine ta dawo da yamma idanunta a kumbure, ta riga ta ji labarin kotu a hanya, ta yi kukanta ta yi zaginta ita kaɗai a mota. Da ta ji labarin kwat da ƙonannen hannu sai ta zauna a matakalar baranda tana dariya da hawaye tare, tana cewa ita ba ta taɓa ganin dangi irin na Tregear ba, mutum biyu su yi shekara hamsin suna jiran wani ya fara magana.

Merv bai yi wata dabara ba. Ya shiga mashayar gari ya tsaya a tsakiya ya faɗa, ya je wurin 'yan kwana-kwana na sa-kai, inda ya yi shekaru yana aiki, ya faɗa, ya tsayar da duk motar da ya haɗu da ita a hanya. Zuwa safiyar Juma'a sai Coralie ta ga shagon ya canza. Mutanen da suka kwana uku suna kau da ido yanzu bakinsu ya buɗe, kamar hukuncin kotun ne ya ba su abin faɗa. Da auren yana nan ba su san yadda za su taya ta murna ba, amma da aka ƙwace shi kowa ya san yadda ake jin haushin zalunci. Wata malamar makaranta ta ce ita jiya ko abinci ba ta iya ci ba. Wani manomi da bai taɓa zancen siyasa ba ya ce ya kira ofishin ɗan majalisarsu ya faɗa musu abin da ke ransa, ya kuma ce zai sake kira. Wani mai askin tumaki da ake kira Snowy, wanda ya yi aure uku duk suka mutu, ya jingina da ƙofa ya ce kada ta damu, nata auren ya fi nasa na biyu daɗewa, kuma shi nasa ba kotu ce ta kashe ba, matar ce ta gudu da motarsa. Coralie ta yi dariya har da riƙe ciki, ita da ta wayi gari ba ta son buɗe shago.

Duk da haka ranar Asabar da suka kama hanyar gona Coralie tana shakkar ko mutane za su zo. Magana a shago daban, zuwa daban. Sun isa da wuri suka tarar an share rumfar tas, sai dai warin man ulu da ba ya barin katako. An jera alluna a kan dilolin ulu an shimfiɗa musu zannuwan gado fari. Da yake lokacin gobarar daji ne, shugaban 'yan kwana-kwana ya zo da motar ruwa ya ajiye ta kusa da inda ake gasa ragon, ya ce shi ba zai bari a ce auren Coralie ne ya ƙone gari ba. Merv yana cikin kwat ɗinsa, zufa tana bin wuyansa, ya ƙi cirewa.

Coralie ta tsaya a bakin rumfar tana kallon hanya. Fararen aku suna ta ihu a kan bishiyoyi, ƙudaje sun dame ta, hanya kuwa shiru. Sai ta hango ƙura daga nesa, ta ɗauka mota ɗaya ce. Da ƙurar ta matso ta ga jerin gwano ne, a-kori-kura da ƙananan motoci har da tsohuwar bas ɗin ƙungiyar ƙwallo, wani ya ɗaura wa eriyar motarsa ƙyallaye kala-kala da ya yanko daga tsofaffin riguna. Mata suna fitowa da faranti a rufe, maza da akwatunan ƙanƙara cike da giya da lemo. Tsofaffin da Maxine ke dubawa aka sauko da su a hankali, wasu da sanda, wata da tukunyar iskar numfashi a gefenta. Mutanen da suka saba ce mata sannu kawai suna riƙe hannunta suna cewa Allah ya ba da zaman lafiya.

Ana cikin haka wata mota ta tsaya can bakin shinge ba ta shigo ba. Beryl Hartigan ce ta fito riƙe da wani abu a lulluɓe da tawul. Maxine ta nufe ta, Coralie ta bi bayanta. Beryl ba ta yi murmushi ba. Ta miƙa wa Maxine kek irin na biki, mai nauyi da 'ya'yan itace a ciki, wanda ta yi don Kirsimeti.

"Ba zan shiga ba," in ji ta. "Abin da na yi imani da shi bai canza ba, kuma ba zan yi muku ƙarya ba. Amma ke kika yi jinyar 'yar'uwata har ta cika, kika wanke ta da hannunki. Ba zan ji ana walimarki in zauna hannu rabbana ba."

Maxine ta karɓa ta yi godiya. Beryl ta dubi Coralie, ta ce ta yi kyau a hoton jarida, sai dai ta rage kuka. Ta shiga mota ta juya.

Da aka ci aka sha, Merv ya buga cokali a jikin kwalba ya miƙe. Ya ciro takarda daga aljihu, ya dube ta, ya mayar. Ya ce shi ba mai magana ba ne, kowa ya sani. Ya ce ƙanwarsa ta yi aure ranar Asabar da ta wuce, wasu sun ce bai ɗauru ba, to su can ta matse musu, a gonar Tregear ya ɗauru. Sannan ya juya wajen Maxine.

"Wannan kuwa surukata ce. Ta daɗe da zama surukata, ni ne ban faɗa ba. Duk wanda ya sake kiranta ƙawar Coralie a gabana, ya nemi wani ya ja masa mota in ta maƙale a laka."

Rumfar ta ɗauki tafi da buga ƙafa har ƙura ta tashi daga katako. Maxine ta rungume shi, shi kuwa ya tsaya ƙiƙam hannuwa a sake kamar wanda aka kama da laifi. Aka ce amarya ɗaya ta yi magana, sai kowa ya dubi Maxine, amma Coralie ce ta miƙe. Ta dubi fuskokin nan da ta sani tun ƙuruciya. Ta ce ta yi shekaru tana tsoronsu, tana zaton in ta buɗe baki za su juya mata baya, kuma ba ta yi musu adalci ba. Ta ce ta gode. Ta so ta ƙara wani abu, ta nema ta rasa, sai ta sake cewa ta gode ta zauna. Snowy ya ɗaga murya ya ce a rubuta ranar, an ji Tregear biyu sun yi jawabi a wuni ɗaya. Wani ya ciro jita, aka ture allunan gefe, aka yi rawa har rana ta faɗi, sannan masu tsofaffi suka fara haɗa kaya.

Washegari da safe suka koma taya Merv gyaran rumfa. Maxine tana waje tana wanke faranti, Coralie da Merv suna naɗe zannuwa, kowa riƙe da gefe ɗaya. Ba tare da ya dube ta ba ya ce akwai abin da ya kamata ya gaya mata tuntuni. A jinyar mahaifiyarsu ta ƙarshe, wata rana Maxine ta gama yi mata allura ta fita, sai tsohuwar ta bi ta da kallo ta ce masa yarinyar nan ita ce arzikin Coralie, ya kula da su duka biyun in ba ta nan. Ya ce ya ɗauka gyaran mota da cin abincin Lahadi ya isa kulawa, shi ya sa bai faɗa ba.

Coralie ta rayu da tunanin mahaifiyarta ta mutu ba ta sani ba, ko kuwa ta sani ta haɗiye baƙin ciki. Ta saki zanen ta zauna a kan dilar ulu. Merv ya ƙarasa naɗewa shi kaɗai, ya yi shi a karkace, sannan ya fita ya turo mata Maxine.

Ba komai ne ya gyaru ba. Clarrie Hartigan ya mayar da cinikinsa gari na gaba, kuma akwai gidaje biyu ko uku da suka rage gaisuwa. A wurin hukuma su biyun sun koma yadda suke a da, kuma duk lokacin da aka tambayi Coralie ko tana da aure sai ta ɗan yi jim kafin ta amsa. Shekara huɗu bayan haka aka tambayi 'yan ƙasa duka ra'ayinsu a kan maganar. Merv ya bi gonaki ɗaya bayan ɗaya da a-kori-kurarsa yana roƙon mutane su ce e, ya sha shayi a gidajen da rabonsa da su tun yana saurayi, wasu suka ji maganarsa, wasu suka ce ya sha shayinsa ya tafi. Masu cewa e suka yi rinjaye a ƙasa, majalisar tarayya ta canza doka, kuma a farkon shekarar da ta biyo baya aka sake ɗaura auren Coralie da Maxine a lambun bayan gidansu, tsakanin tumatir da kabewa. Wannan karon babu wanda ya warware shi.

Yanzu Merv ya tsufa, ƙugunsa ya hana shi hawa mota, ɗansa ya dawo ya karɓi gona. Sun dawo da shi ɗakin da ke ƙarshen barandarsu. Maxine ta bar aiki, shi kaɗai ne majinyacinta, kuma ta ce a duk shekarun da ta yi tana jinya ba ta taɓa haɗuwa da mai taurin kai irinsa ba. Kullum da safe sai sun yi rigima a kan ƙwayoyin magani, yana cewa ya sha, tana cewa ta ga inda ya ɓoye su a cikin tukunyar fure. Coralie takan zauna a baranda da kofin shayi kafin ta tafi buɗe shago, tana jin muryoyinsu ta taga, ba ta sa musu baki. Wani lokaci har shayin ya huce ba ta tashi ba.